Karan Dawar Baba Labbo

Makarantar su Mardiyya ba ta da katanga. An taɓa zuwa daga garin Isa an auna, an kafa turaku, har wani mai babbar riga ya yi jawabi, daga nan ba a sake jin ɗuriyar kowa ba. Turakun ma tuni aka dafa tuwo da su. Abin da makarantar ke da shi a madadin katanga shi ne gonar Baba Labbo, wani dattijon Bafulatani da ya haɗa noma da kiwo. Gonar ta faro daga bayan tagogin aji shida ta miƙe har bakin rafi, dawa ce doguwa, mai ɓoye mutum ko a kan raƙumi yake.

Tun da 'yan bindiga suka fara kewaya ƙauyukan wajen Tozai, ɗaliban suka koyi darussan da babu su a littafi. An daina sa farin hijabi, sai ruwan ƙasa. An daina sa silifas saboda yana tona mai gudu, sai takalmin roba mai maɗauri. Tsohon ƙarfen mota da ake bugawa in za a canja darasi, an hana kowa taɓa shi. Da baki Malam Jibrilla, shugaban makarantar, yake bi aji-aji yana cewa lokaci ya yi. In kuwa aka ji ƙarfen nan, magana ɗaya ce: a fita ta taga a shige dawa. Kowane ɗalibi da kunyarsa a gonar, don kada a taru wuri ɗaya. Ta Mardiyya ita ce ta goma sha bakwai daga gindin aduwa. Taku ɗari za ta yi, ta kwanta rubda ciki, in tari ya taso mata ta ciji hijabinta.

Sau ɗaya abin ya zama gaske, a ƙarshen damina. Ƙarfe ya yi ƙara da hantsi, kafin baburan 'yan bindigar su iso azuzuwa sun zama wayam. Mardiyya tana kwance tana jin muryoyinsu, tana jin tururuwa na bin ƙafarta, ba ta motsa ba har la'asar. Babur ɗin Malam Jibrilla kawai suka samu suka tafi da shi. Da aka kirga ɗalibai, ko ɗaya bai ɓata ba.

Ran nan mahaifiyarta, Inna Basira, ta yanke hukunci.

"Ni ban san Malam Jibrilla ba, ban san gwamnati ba," in ji ta. "Dawag ga nis sani. Muddin tana tsaye, ki tahi makaranta. Ran da tah hwaɗi, kin gama boko."

Mardiyya ta amsa da to, don a lokacin dawar kore ce shar, kamar ba za ta taɓa bushewa ba. Ita dai burinta ta kai jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ta samu takardar da za ta kai ta Sakkwato koyon unguwarzoma. Sai ga kaka ta kama, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuya, jarrabawa kuma da sauran wata shida. Kowa ya san yadda ake girbin dawa: a sare karan a kwantar, sannan a bi a yanke kai. Gonar da ta ɓoye yara ɗari biyu, kwana uku ya isa a mai da ita fili.

Tsoro ya hana Mardiyya sukuni. Ta ja ƙawarta Nusaiba suka sami Baba Labbo a garkensa, yana ba shanunsa biyar ruwa, su ne ragowar abin da aka bar masa. Suka durƙusa suka gaishe shi.

"Baba, alhwarma munka zo nema," in ji Mardiyya. "Ka ɗebe dawarka, amma ka bar muna karan tsaye."

Tsohon ya dube ta kamar ta ce ya tatsi sa. "Ke ɗiyag ga, ina kika taɓa ganin an yi girbi kara na tsaye? To shanun ga mi za su ci da rani? Daji ya hwi ƙarhina, kin sani."

"Mu za mu yi maka girbin, Baba. Kuma kowa zai riƙa kawo dusa daga gida."

Labbo ya daɗe yana sosa wuyan wata saniya. Shi ma yana da jika a aji biyu. "Ku yi," ya ce. "Amma wanda duk yak karya min kara, shi da Allah."

Haka aka yi girbin da garin bai taɓa gani ba. Yaro ya tanƙwaro kara a hankali, yarinya ta yanke zangarniya, a sake shi ya miƙe. Masu wucewa kasuwar Bafarawa suna tsayar da babur suna dariya, wai Labbo ya tsufa har ya manta noma. Aikin kwana uku ya ci kwana tara. Kowace safiya kuma sai ka ga ɗalibai da ƙullin dusa a leda, suna juyewa a wani buhu a ƙofar ofis. Inna Basira ta leƙo ta ga kara tsaye, ta taɓe baki, amma ba ta hana ba. Mardiyya ta yi murna sosai, har ta fara lissafin kwanakin da suka rage.

Murnar sati uku ta yi. Wata Talata sai ga Maliki, shugaban 'yan sa-kan garin, ya shigo makarantar da bindigarsa ta gargajiya a kafaɗa da wani abu a hannu. A gaban ɗalibai ya zube shi: gwangwanin madara biyu da guntayen sigari.

"Malam, cikin karan ga nis samo su, can wajen rahi," ya ce. "Da sawun taya, da wurin da mutum uku sunka kwanta suna kallon gari. Ba jiya ɗai sunka zo ba."

"Maliki, karan ga shi na mahwakar yaran ga," in ji Malam Jibrilla.

"Awo, na sani. Su ma sun sani yanzu. Ran da kunka buga ƙarhe, ɗiyanku za su ruga su hwaɗa hannunsu, ba sai sun shigo aji ba. Mu ko ba mu ganin komi sai sun iso bayan gidajenmu."

Abin haushin shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Mardiyya ta so a ce akwai mugu a wurin, wanda za ta tsana ta ji sanyi, amma Maliki ma mutum ne da ya binne ƙannensa biyu. Kafin azahar maigari ya aiko: a sare karan kafin Juma'a.

Magidanta suna can suna fama da nasu girbin, don haka aikin ya dawo kan ɗalibai. Da aka rasa yadda za a raba, Malam Jibrilla ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, ai kowa ya san kunyarsa, sai kowa ya sare tasa.

Mardiyya ta tsaya a gindin aduwa ta kirga goma sha bakwai. Busasshen kara ba ya gardama, sara ɗaya yake faɗuwa. Da ta yi taku ɗari sai ta ga bironta shuɗi, wanda ya ɓace mata ranar da suka kwanta, rabi a binne cikin ƙasa. Ta ɗauka ta goge, ta gwada a tafin hannu, ba ya rubutu. Kuka ya zo mata, sai ta ga ta ciji hijabinta ba tare da ta yi niyya ba. Ta ci gaba da sara har bakin rafi.

Da la'asar ta isa gida hannuwanta duk sun yi bororo. Inna Basira tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Inna, wata biyar ɗai yar rage," in ji Mardiyya. "Za ni riƙa zama kusa ga ƙohwa. Ina da gudu, kin sani."

Innar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta kifa turmi a jikin katanga. "Taho ki hau."

Mardiyya ta hau ta leƙa. Ga makarantar can tsirara, ga tagar ajinsu, ga aduwa ita kaɗai, ga rafi, ga bakin daji a bayansa, babu abin da ya tare ido.

"Ki gudu zuwa ina, ɗiyata?" in ji Inna Basira. "Gwada min wurin, in bar ki."

Mardiyya ta duba gabas, ta duba yamma. Ba ta sami abin nunawa ba.

Washegari ta tashi da wuri kamar kullum, har ta ɗaura takalminta kafin ta tuna. Ta jira sallamar Nusaiba, ba ta zo ba. Da hantsi ya yi sai ta sake hawa turmin. Ta hango amalanken Baba Labbo tana kwashe kara zuwa garke. Ta hango Malam Jibrilla ya fito daga aji huɗu ya shiga aji biyar yana sanar da lokaci. Da ya iso ƙofar aji shida ya leƙa, ba kowa a ciki, ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya koma ofis bai shiga ba.