Ramukan Gafiya a Jikin Madatsa

Wani Bature ne ya sa aka datse rafin da ke bayan Yindiski, don ya riƙa shan iska a ɗan kwalekwalensa ranar Lahadi. Mutanen gari suka ɗauki ƙasar madatsar a ka, tilas. Da aka gama, aka sa wani mutum Kaumi gadi, aka ce kada kowa ya kusanci wurin.

A da, maza kan farauci gafiya a bakin rafin. Da aka hana su, gafiya ta yi yawa, ta shiga haƙa jikin madatsar. A ƙasan madatsar kuwa ɗakin wata tsohuwa Mairam yake, da rumbun geronta guda ɗaya.

A damina ta uku Mairam ta tsaya daga bayan shinge ta ƙwala kira.

"Kaumi! Ruwa na tsattsafowa a gindin rumbuna, ja wur da laka. Sai na zama kifi za ka yi magana?"

"Na gani, Iya. Rami goma sha ɗaya na ƙirga."

"Ƙirga aka sa ka? Je ka gaya wa maigidanka!"

Kaumi ya tafi bariki, ya durƙusa gaban Bature, ya roƙi a bar mafarauta su shiga yini ɗaya, su turara ramukan da hayaƙi, a cike su da yumɓu.

Tafintan Bature ya juyo yana murmushi. "Ya ce abin da injiniya ya auna, ɓera ba zai rushe shi ba. Wai kwaɗayin nama ne ya kawo ka."

Washegari Kaumi ya buɗe wa mafarauta shingen da kansa. Rami huɗu suka toshe kafin Bature ya hango hayaƙi. Kafin azahar an kori Kaumi, an kawo sabon mai gadi da bulala.

Mairam ta fara kwashe geronta zuwa kan tudu, dami ɗaya ɗaya, Kaumi na taya ta. Suna dawowa ɗaukar na takwas sama ta ɓalle da ruwa, madatsar ta tsage daidai ramukan da aka bari. Ɗaki da rumbu suka bi ruwa suna kallo.

Da yamma tafinta ya hawo tudun, ya ce an gano hayaƙin Kaumi ne ya raunana madatsar, gobe ya bayyana a bariki.

Mairam tana zaune kan daminta bakwai, zaninta sharkaf.

"Ka ce wa maigidanka ni ma zan zo. Ya nuna mini abin da zan ci har kaka."