Man Shanu a Bayan Kyanwa

Iro ya gama ɗiga wa shanunsa maganin kaska a doron baya, sai ya ga kyanwar da ke tsare musu rumbu tana ta susa, ƙuma ta dame ta. Ya ɗago kwalbar.

"Ɗigo guda ya ishe ta."

Matarsa Zaliha ta riƙe masa hannu. "Dakata, Maigida, in ga wani abu."

Ta lakato man shanu ta shafa wa kyanwar a baya. Suka tsuguna suna kallo. Kyanwar ta lanƙwasa wuya ta lashe wurin tas, sannan ta koma tana lasar ƴaƴanta.

"Saniya ba ta wanka da harshe haka," in ji Zaliha. "Wagga kuwa, abin da duk ka sa mata a baya, cikinta za shi."

Iro ya juya kwalbar. Hoton sa da tunkiya kawai ke jiki. Ya toshe ta.

"Ran kasuwar Buza sai in tambayi likitan bisashe nata maganin."

Zaliha ta tashi neman tsohon mataji don ta taje wa kyanwar ƙuma. Kyanwar ta bi ta tana kuka, ƙarin mai take so.