Kwamin Ninkayar Firamaren Ostrem

A garinmu ba a ce wa mutum ya yi ƙarya. Sai dai a ce, "To, wannan ma magana ce," a ƙara masa kofi mai zafi. Shi ya sa da hukumar makarantun gundumarmu ta ce za ta rufe firamaren Ostrem saboda ƙwararru sun yi bincike, kowa ya ce, "To," ya koma gida ya huce a kan karensa.

Ni ban ce "to" ba. Na tsufa ina koyar da kimiyya a sakandare, na kuma san yawancin abin da ake kira bincike kwafe ne daga littafin na kusa. Ban da haka, abin ya shafi wuyana. 'Yata Kari ta riga ta faɗa min: ba za ta riƙa tura yaranta cikin bas tun da duhu, cikin dusar ƙanƙara, har makarantar garin Halden ba. In aka rufe makarantar, sayar da gidan za a yi, a koma can gaba ɗaya. Ni kuma akwai wani wuri "mai kyau" da ta samo min, inda ake tara tsofaffi a koya musu saƙa, a kashe musu fitila da wuri.

Dokar jiharmu ta Minnesota tana da wani hali da nake so. Ba ta tilasta wa jami'i ya amsa tambaya, amma tana tilasta masa ya ba da takarda. Ka nema a rubuce: in akwai su ba ka, in babu su rubuta maka dalili. Na rubuta ina neman yarjejeniyar kamfanin mashawartan da suka yi binciken, da cikakken rahotonsu, na kai ofishin hukuma da ƙafata.

Mai karɓa Rhonda Pekarek ce, tsohuwar ɗalibata.

"Malama Ardis! Da kanki? Ai da kin buga waya."

"Waya ba ta barin shaida. Kin karanta rahoton nan?"

"Malama, ba a ba ni izinin amsa tambaya ba."

"Tun kina aji ma haka kike. Buga min hatimi."

Sai da aka ja min rai, sannan aka ba ni. Kuɗin da aka biya kamfanin zai sayi sabuwar bas har da tayar safaya. Rahoton kuwa kauri gare shi, takarda mai sheƙi, cike da hotunan wasu yara masu fararen haƙora waɗanda ba a garinmu aka haife su ba. Na baje shi a teburin kicin, maƙwabciyata Darlene Kubiak tana gefe tana yanka kek. Ita ce ta dafa wa yaran firamaren nan abinci har gwiwoyinta suka gaji.

A can tsakiya, inda ba mai kaiwa, na ga dalilin rufewar. Wai abin da ya fi cin kuɗi a firamaren Ostrem shi ne ɗumama ruwan kwamin ninkaya.

"Darlene, ina kwamin ninkayar makarantarku yake?"

"Kwamin me?"

"Na ninkaya. Mai ɗumi ma."

"Ke Ardis, sake tabarau. Babban ruwan da ke makarantar nan shi ne wanda nake wanke tukwane."

A bayyane yake: rahoton wata gunduma ta masu kuɗi suka ɗauko, suka canza suna, suka manta da ruwan.

Na sami shugaban makarantun gunduma, Dakta Tollefson, mutumin da murmushinsa ke riga shi shiga ɗaki.

"Malama Ardis Halvorsen, wallahi irin kishinki muke buƙata."

"Akwai kwami ko babu?"

"Za mu duba lamarin."

"Motata na waje. Zo mu je mu duba yanzu."

"Ba zai dace in riga ƙwararru magana ba."

"Ɗana, ramin da ya kai girman coci ne fa. Ko ɗan maraƙi zai iya gaya maka."

Ya ƙara min kofi.

Tun da baki ya ƙi, na koma wa takarda. Na nemi rasit na maganin da ake zuba wa ruwan, da sunan mai tsaron masu iyo, da jadawalin ranar iyon tsofaffi. Darlene ta ce in ƙara da zurfinsa, don ita ba ta iya ruwa ba. Lissafina shi ne dole su rubuta "babu kwami" su sa hannu, rahoton ya mutu.

Ashe na raina wayon Dakta. Amsar da ta zo cewa ta yi: babu takardun da aka nema, domin a halin yanzu ba a amfani da kwamin.

Na kai wa jaridarmu ta mako-mako, na zauna na yi wa editan bayani dalla-dalla, yana gyaɗa kai yana amsa wayar masu tallan taraktoci. Da jarida ta fito, ga abin da ke shafin farko da manyan baƙaƙe: AN RUFE KWAMIN NINKAYAR OSTREM BA DA SANIN JAMA'A BA.

Ana cewa in ka nuna wa mutane gaskiya za su tashi. Ban taɓa ganin haka ba. Amma ka ce an ƙwace musu wani abu, ko da ba su taɓa mallakarsa ba, ka ga aiki. Ranar da majalisar makarantu za ta kaɗa ƙuri'a kan rufe firamaren, zauren bai ɗauki mutane ba. Waɗanda suka ce "to" da aka ce za a rufe makarantar 'ya'yansu, su ne a sahun gaba, wasu da tawul a kafaɗa. Mata sun zo da tiren gasasshen dankali da nama, alamar ba a shirin tashi da wuri.

Orville Brekke mai gyaran famfo ya fara miƙewa.

"Ni ba na son rigima. Amma harajina ne ya ɗumama ruwan nan, kuma ko yatsana ban tsoma ba."

Wata ta ce tana tuna shi sarai, shuɗi ne, da tsani a gefe. Wani dattijo ya ce a ciki yayansa ya koyi iyo kafin ya tafi soja, har muryarsa ta karye. Aka tafa masa.

Shugaban majalisar, Vern Sather, manomi ne, kuma zaɓe na tafe. Ya juya.

"Dakta, wa ya ba da izinin rufe shi?"

Dakta ya buɗe baki. In ya ce babu kwami, ya amsa cewa sun sayi rahoton bogi da kuɗin bas. In ya ce akwai, ga mutane da tawul. Ya sha ruwa. Ya ce al'amari ne mai sassa da yawa.

Nan na tashi, don abin ya ishe ni. "Jama'a, ku saurara. Maganar gaskiya ita ce babu wani..."

Darlene ta finciko rigar sanyina har na faɗo kan kujera.

"Zauna, uwar sani."

"Ƙarya fa suke yi wa kansu!"

"Halden kike son komawa? Kin iya saƙa? Ci kek."

Ta cusa min yanki a hannu. Na dubi kek, na dubi Kari can baya da yaranta, ita ma tana tafi kamar ba ni na haife ta ba.

Vern ya share gumi ya ce shi dai a ganinsa ba a rufe komai sai an ji ta bakin jama'a. Wata 'yar majalisa ta kawo ƙuduri a bar firamaren Ostrem a buɗe. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har na waɗanda suka zo da niyyar rufewa. Zaure ya ɗauki ihu, abin da ba ma yi ko a biki.

Rhonda ce ke rubuta bayanin taro. Ta ɗaga kai.

"Shugaba, yaya zan rubuta? Makarantar kaɗai, ko har da kwamin?"

"Har da kwamin," in ji Vern.

Ba ta rubuta ba tukuna. Ni ta kalla, irin kallon ɗalibar da ta san amsar allo ba daidai ba ce. Bakina cike da kek, na gyaɗa mata kai.