Ƙanƙara a Bayan Ladan

Shekara ashirin Abbas ya yi yana dakon gero a tashar manyan motoci ta Jibiya kafin ya zama ladanin masallacin wurin. Ƙaiƙayin da ya shaƙa a lokacin bai tashi neman fansa ba sai yanzu. A da, in ya ja kiran salla, direbobin da ke layi a bakin iyaka sukan ce har Maraɗi ana ji. Yanzu numfashin kan yanke masa a tsakiyar kalma, lasifika ta watsa tarinsa.

"Tayar Ladan na yoyon iska," in ji wani direba. Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Liman Badamasi ya ba shi mako uku. In abin bai gyaru ba, Abdulrazak mai shayi zai karɓi kiran.

Duk ranar kasuwa wani ma'aikacin gashin ƙashi, Shamsu, yakan zo daga Katsina. Zuwansa na farko gidan Abbas, ya kwantar da shi rub da ciki a tabarma, ya bi haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da tafin hannu, yana cewa, "Ja numfashi. Riƙe. Saki." Da ya gama ya naɗe ƙanƙara a tawul ya ɗora masa a baya.

Hasiya, matar Abbas, ta saki tsintsiyar hannunta.

"Ɗan nan, mi ka ke yi? Mutumin da sanyi ya kama ka ke ƙara wa sanyi?"

"Inna, naman tsakanin haƙarƙarin ne ya ɗaure. Minti goma, safe da yamma." Ya juya ga Abbas, ya rage murya. "Baba Ladan, ƙirjin zan iya sassauta maka. Huhun kuwa ya fi ƙarfin hannuna. Maganin da aka ba ka a asibiti kada ka bari."

Hasiya ta ce to. Amma uwarta da ciwon ƙirji ta rasu, bayan ruwan sama ya doke ta a gona a Mazanya. Don haka kullum in aka kawo ƙanƙarar sai ta jefa a randa, ta dafa ruwa, ta gasa wa mijinta baya da tsumma. Abbas yana jin zafin, ya san ba haka aka ce ba. Bai taɓa magana ba.

Mako na uku Shamsu ya zagaya masa igiyar awo a ƙirji, ya ce ya ja. Ya daɗe yana duban igiyar.

"Ana sa ƙanƙarar?"

"Ana sawa," in ji Abbas.

"Ba a sawa," in ji Hasiya daga bakin murhu. "Ni ce. Da na sa, da ya warke?"

Shamsu ya naɗe igiyarsa. "Da ya ɗan ji sauƙi, Inna. Kaɗan."

Ranar Alhamis wa'adin ya cika. Da la'asar ta gabato Abbas ya fita, Hasiya kuma ta je da kanta ta sayo ƙanƙara. Tana tsakar gida tana fasa ta da taɓarya lasifika ta buɗe. Kabbara ta fita lafiya. Shahada ta fita da kyar. A "Hayya alas salah" muryar ta tsinke, tari ya biyo, ya ƙi tsayawa. Aka yi shiru, ba a jin komai sai ƙugin wata mota. Sai muryar Abdulrazak ta ɗauka daga inda aka tsaya.

Abbas ya shigo bayan salla, yana dafa bango.

"Malam, kwanta," ta ce. Tawul ɗin na ɗiga a hannunta. "Minti goma ya ce."

Ya dubi tawul ɗin, ya zauna a bakin tabarma, ya jira numfashi ya ishe shi magana.

"Sa a randa, Hasiya. Mu sha."