Yadi Goman da Na Rage wa Innes Mollison

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina ɗaukar jakar 'yan golf, ban taɓa ɗauke wa kowa ko ƙwallo ɗaya ba. Amma ƙarya kam na yi ta, na kuma daɗe ina yi, domin a sana'armu koyar da ita ake yi kamar yadda ake koya wa mutum goge sanda.

Dod Swankie ne ya koya mini a rumfar masu jaka ta filin golf na garinmu, Inverlath, tun ina saurayi. Ya ce idan ɗan wasa ya shiga ramukan ƙarshe yana kan gaba, jininsa kan ɗauki zafi, hannunsa ya ƙara ƙarfi shi bai sani ba. Sandar da ta saba kai masa ƙwallo yadi ɗari da sittin, ran nan sai ta kai ɗari da saba'in. In ka gaya masa haka ka jefa masa tunani, bugun ya lalace. Saboda haka sai ka rage yadi goma daga lissafin, ka faɗa masa fuska a sake. Shi zai ɗauki sandar da ta dace da abin da ya ji, ƙwallo ta sauka inda ya kamata, ya sha tafi, kai kuma ka ja bakinka ka yi shiru. Duk tsofaffinmu haka suke yi. Ba a rubuce yake ba, ba a kuma gaya wa iyayen gida.

Innes Mollison ɗan garinmu ne, ubansa gyaran injin jiragen kamun kifi yake yi a bakin tasha. Shekara goma sha ɗaya ina bayansa da jaka. Yaro ne mai hannu, amma da taurin kai, kuma bai taɓa riƙe littafin awo ba. Abin da na ce shi ne nisa. Sau huɗu ya ci ƙananan gasa, sau huɗun nan kuma na rage masa goman nan a ramukan ƙarshe.

Shekarar da babbar gasa ta zo Inverlath, kwana uku muka yi muna cikin na gaba. Ran Lahadi, ranar ƙarshe, da safe ina tsaye a rumfa da kofin shayi da burodi mai soyayyen ƙwai, sai ga Packie Devenney, ɗan Ailan ɗin da ke ɗaukar jakar abokin zagayenmu, ɗan wasan da aka haɗa mu zaga fili tare ranar.

Ya ce, "Wattie Cargill, babban mutum! An ce matarka har ta share kan kabad inda za a ɗora kofi."

Na ce, "Kofin nawa ne?"

"To in ba naka ba ne, rawar hannun ta mece ce? Dubi shayinka, rabi a kofi rabi a takalmi."

"Tsufa ne."

"Tsufa? Jiya yaro ne kai?" Ya kwashe da dariya, ya gutsuri burodina ba tare da ya tambaya ba. "Ka dai riƙe yaron naka da kyau. Mutanen garin nan sun cika filin, in ya faɗi a gabansu ba zai ƙara shiga shagon kifi ba."

Ba zan ja ku da labarin ramuka goma sha bakwai ba. Mun iso na ƙarshe, Ba'amurken da ke binmu, Royce Tatum, ya riga ya gama wasansa yana zaune a ciki yana jira. Da bugu ɗaya muka fi shi, a wasan nan kuwa mai ƙarancin bugu ne ke ci. Ramin sha takwas na bugu huɗu ne. In Innes ya yi huɗu, kofi nasa. In ya yi biyar, sai a fita raba gardama. In ya yi shida, shi ke nan.

Bugun farko ya fita kamar an ja zare, ƙwallo ta kwanta a tsakiyar hanya. Muka taho jama'a na kiran sunansa daga kowane gefe, har da tsofaffin da suka yi aiki da ubansa, suna ihu kamar ba dattawa ba. Na dube shi ta gefen ido. Wuyansa ya yi ja, yana tafiya da sauri har sai da na ce, "Sannu-sannu, yaro, ba mai ɗauke ta."

Na taka daga murfin bututun ban ruwa, alamar da muke awo da ita, zuwa ƙwallon, na duba littafina. Yadi ɗari da saba'in da biyu zuwa tutar da ke kafe a ramin. A gaban shimfiɗar ramin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da shi, akwai wani rafi mai katangar dutse, kuma kafin ka tsallake katangar can ƙetare sai ka yi ɗari da sittin da huɗu. Masu shirya gasa sun kafa tutar da mugunta, taku takwas kacal bayan ruwa. Bayan tutar kuwa fili ne shimfiɗe, yadi talatin, yana hawa tudu. Iska ta kwanta, abin da ba ta yi ba duk makon.

Ƙarfensa, wato sanda mai lamba bakwai, kan yi ɗari da sittin da biyar. Da zafin jinin da na gani, zai kai saba'in da biyar. Daidai ke nan, ɗan bayan tuta kaɗan, nesa da ruwa.

Innes ya ce, "Nawa, Tsoho?"

Na ce, "Ɗari da sittin da biyu. Bakwai. Ka nufi tsakiya, huɗu kawai muke nema."

Har na zaro sandar rabi. Ya tsaya yana kallon tutar, ya buɗe tafin hannunsa ya rufe.

Ya ce, "A'a. Ba ni takwas."

Takwas ba ta kai bakwai nisa ba, tsakaninsu yadi goma sha biyu. Na ce, "Bakwai ce, Innes."

"Ji ƙirjina yadda yake bugawa. Pryce ya ce mini in na ji haka in sauko da sanda ɗaya, ƙwallo za ta fi tafiya." Pryce sabon malamin bugu ne da ya ɗauko daga Ingila watanni biyu kafin nan, mai farin wando da yawan magana. Ban san sun yi wannan zancen ba. "Kuma ba na son in wuce ta, in dawo ina gangaro da ita daga tudun can. Kusa nake so."

"Ba kusa muke nema ba. Tsakiya."

Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido. "Ɗari da sittin da biyu ka ce, ko?"

Nan ne wurin. Na sha komawa wurin nan a raina fiye da yadda na koma gidan uwata. Abin da na rage masa, ga shi zai sake ragewa da kansa. Kalma uku ta isa: saba'in da biyu. Amma in na faɗa, zai tambaye ni me ya sa na ce sittin da biyu tun farko, a gaban mutum dubu ashirin, alƙalin wasa na tsaye yana duba agogo. Kuma an hore mu tun muna ƙanana cewa ba a sa wa ɗan wasa shakka yana kan ƙwallo. Na yi saurin lissafi a kaina: takwas da zafin jini, ɗari da sittin da uku, wataƙila da biyar in ya same ta sosai. Na ce wa kaina za ta tsallake. Na san ba lissafi nake yi ba, tsoro ne nake yi wa ado.

Na ce, "Haka na ce."

"To ba ni takwas."

Na miƙa masa da hannuna.

Ban taɓa jin ya bugi ƙwallo da kyau irin na ran nan ba. Ta tashi ta miƙe kan tuta ba hagu ba dama, jama'a suka fara miƙewa daga kujeru, shi ma ya bi ta da taku biyu sanda a sama. Sai muka ji ƙwas! Ta daki dutsen saman katanga, ta yi sama kaɗan, ta dawo cikin ruwa. Da ta ƙara tsawon takalmina da ta tsallake.

Wurin ya yi tsit, har kukan tsuntsayen teku ana ji. Packie ya sunkuyar da kai yana kallon ciyawa.

Muka kama tafiya. Gasar ba ta ƙare ba tukuna. Za a ci shi tarar bugu ɗaya, ya ajiye wata ƙwallon bayan rafi, ya yi na huɗu. In ya kai ta kusa ya jefa a na biyar, za a yi raba gardama, kuma Innes ya fi Ba'amurken nan sanin filin sau goma. Aikina a lokacin guda ɗaya ne, in kwantar masa da hankali.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tsoho, na same ta tsaf. Ka ji ƙarar. Takwas ɗin nan ta yi sittin da uku ko fiye. Ta yaya za ta faɗa ruwa?"

Da na ce iska ce ta taso a sama, da ya yarda. Da na ce mu gama tukuna, da ya bari. Amma bakin da ya ƙi buɗuwa lokacin da gaskiya za ta yi amfani, sai ya buɗe lokacin da ba abin da za ta yi sai ɓarna.

Na ce, "Saba'in da biyu ne. Na rage maka goma."

Bai tsaya ba, bai kuma dube ni ba. Taku ya ci gaba da yi, sai dai na ga jan wuyansa ya koma fari.

A bakin rafi na ce masa ya ja baya zuwa yadi sittin, nisan da ya fi ƙwarewa a kai, inda zai saki hannu sosai ƙwallo ta tsaya cak. Kamar da dutse nake magana. Ya ajiye ƙwallon kusa da ruwa, wuri mai ɗan gangare, inda ciyawa ta kwanta saboda sawun mutane.

Na ce, "Talatin da ɗaya zuwa tuta."

Ya ce, "Na gaske, ko in ƙara goma?"

"Na gaske."

Sai ya bar ni tsaye, ya bi ta kan gada, ya taka da ƙafarsa har tuta yana ƙirgawa, duniya na kallo. Ya dawo yana sake ƙirgawa. Mutumin da bai taɓa awo ba, kuma gadar ba a miƙe take da layin ba, na ga a fuskarsa lissafin zuwa da na dawowa ba su zo ɗaya ba. Ya zaro sanda da kansa. Tsoron ruwan ya shiga hannunsa, ya ƙara mata ƙarfi, ta wuce tuta ta haye tudun, taku tara. Gangaren da ya guje wa tun farko, shi ya samu.

A kan shimfiɗa al'adarmu ita ce in tsuguna bayansa mu karanta kwanciyar ƙasa tare. Wannan shimfiɗar tun ina ɗan shekara sha huɗu na san ta. Ido yana ganin kamar ƙwallo za ta karkata kaɗan, amma ƙasar tana jan ta zuwa teku fiye da yadda ake zato. Na matso zan ce masa ya nufi hagu da faɗin rami biyu. Ya ɗaga mini hannu bai waiwayo ba. Na koma na riƙe tuta.

Faɗin rami ɗaya ya ba ta. Ta gangaro a hankali, ta yi kamar za ta shiga, a taku na ƙarshe ta zame ta dama ta wuce da faɗin yatsa uku. Ya tura ta ciki a na shida. Jama'a suka yi masa tafi irin wanda ake yi wa wanda aka ji tausayinsa, shi kuwa ya cire hula ya gaisa da abokin zagayensa kamar yadda aka koya masa.

Ina tsaye bayan tantin 'yan jarida na ji suna tambayarsa abin da ya faru. Ya ce, "Ni na zaɓi sandar. Mai jakata ya ce bakwai, na ce takwas." Bai ƙara ko kalma ba. Washegari haka jaridu suka buga, har wasu suna yabona.

Na jira shi a wurin ajiye motoci da jakar a kafaɗa. Rana ba ta faɗi ba, daga can ana jin muryar mai lasifika yana kiran sunan Tatum. Ya iso shi kaɗai.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun gasar farko da ka ci, a Holan."

"Duka huɗun?"

"Duka."

Ya jinjina kai. "Ashe duk ranar da na ɗauka na fi kowa sanin hannuna, kai ne kake tuƙa ni kamar jaki."

"Kuma ka ci. Yau ma na ce maka tsakiya, ka ce kusa kake so. Na ce ka ja baya, ka ƙi."

"Ka faɗa. Wannan nawa ne, zan kwana da shi har in mutu." Sai a lokacin ya dube ni. "Amma na tambaye ka, Wattie. Na dubi idonka na tambaye ka."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ran nan. Na buɗe baki in ce haka aka koya mini, haka kowa ke yi, sai na ji maganar ba ta da nauyin da za ta fito.

Ya miƙo hannu ya kama igiyar jakar. Na riƙe ta kaɗan, ba da niyya ba, kafaɗata ce ta saba. Ya ja a hankali na saki. Ya rataya ta a kafaɗarsa ta dama, a karkace, irin na wanda bai iya ba, sanduna suna karo da juna, ya bi tsakanin motoci har ya kai tasa.