Marin Gidan Hajiya Asana

Rafi'atu tana tsaka da juya shinkafa da wake a babbar tukunya, hayaƙi na cin idonta, sai ga Anisatu ta ɓullo daga bayan ajujuwa sanye da buhu. Buhun gawayi ne aka huda wa wuya da hannuwa. An shafe mata fuska da toka, ba takalmi, ba ɗankwali, ita kuwa baki har kunne, tana juyawa don uwarta ta ga gaba da baya.

"Mma, kin gani? Ni ce baiwar."

Muciyar ta tsaya cak a cikin tukunya.

Ranar Iyaye ce a makarantar, wadda firamare da ƙaramar sakandare suke cikin shinge ɗaya a gefen Zangon Salaga. Kowace shekara maza su kafa rumfuna, mata su yi girki, yara su yi rawa da waƙa a gaban baƙi. Bana sai aka samu sabuwar malama, Madam Adoma, mutuniyar Kumasi, mai zafin nama da son ganin komai ya yi kyau. Ita ta tsara wasan kwaikwayo kan tsohuwar kasuwar bayi ta garin, ita kuma ta ce kowane gida ya kawo wani tsohon abu na kakanni a jera a tebur. Anisatu, 'yar ajin ƙarshe, ta yi makonni tana rufe ƙofa tana hadda. Duk sanda uwar ta tambaya, sai ta ce sirri ne, ita ce dai za ta fi kowa magana. Rafi'atu har faɗa wa maƙwabta take yi, tana jin daɗi.

Ashe wannan ne sirrin.

Akwai abin da duk wani babba a unguwar ya sani, ban da Madam Adoma da ba ta daɗe da zuwa ba, ban da Anisatu da aka ɓoye wa. Kakar mahaifiyar Rafi'atu, wadda ake kira Alheri, a kasuwar nan aka saye ta tana yarinya, daga can arewa wajen Gurunsi. Gidan su Hajiya Asana ne suka saya. Bauta ta ƙare tun zamanin Turawa, amma ba ta fita daga unguwar ba. Duk suna, duk biki, duk rasuwa a gidan Hajiya, mahaifiyar Rafi'atu ce a bakin rijiya tana wankin tukwane, ba wanda ya aike ta, ba wanda ya biya ta, haka aka saba. Da ta rasu, Hajiya ta aiko a gaya wa Rafi'atu ana bikin jikarta ranar Lahadi. Rafi'atu ta je da adonta, ta zauna cikin baƙi, ta ci ta sha, ta wanke hannunta kaɗai ta tafi. Tun daga ranar ba su ƙara gaisawa da haske a fuska ba. Rafi'atu ta rantse cewa ita ce ta ƙarshe da za ta san wannan labari a gidansu. Yau ga 'yarta a buhu, za ta fita gaban gari.

Ta miƙa wa matar da ke kusa muciyar, ta nufi inda Madam Adoma take gyara wa yara tsayuwa. Ta ja ta gefe ta ce a sauya Anisatu da wata. Madam ta buɗe ido. Da Hausarta ta 'yan kasuwa, wadda mace da namiji duk ɗaya ne, ta ce Anisatu shi ya fi kowa kai, shi kaɗai ya iya haddace dogon jawabin ƙarshe, wa zai koya cikin rabin awa? Ga wakilin sarki ya taso daga Kpembe, ga jami'an ilimi sun zauna. Rafi'atu ta tambaya wa zai fito a attajirin da zai saye ta. Madam ta ce Wadud, ai dogo ne, kuma kakarsa ta taimaka ƙwarai, ta ba da babbar riga da rawani, har ta yi alkawarin kawo ƙarfe na gaske maimakon igiyar da suke ɗaure ƙafar baiwar da ita a gwaji.

Wadud jikan Hajiya Asana ne. Rafi'atu ta tsaya tana kallon bakin malamar. Ba mugunta a tattare da ita ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ba ta haushi. Mace ta zo garin mutane, ta ɗora hannu daidai kan gyambo, tana murmushi tana jiran a yaba mata.

A ƙarƙashin bishiyar darbejiya aka shimfiɗa teburin kayan kakanni. Akwai tsohuwar tasa, da kwandon goro da ya ci hanyar Kano, da allon ƙarfe, da bindigar toka da wani Bagwanje, ɗan ƙabilar masu garin, ya kawo. Gidan Rafi'atu ba su kawo komai ba, don ba a bar musu komai ba, har Anisatu ta yi kwana biyu tana fushi a kan haka. Hajiya Asana na zaune a kujerar roba mai hannu, shugabar mata ta ƙungiyar iyaye, lulluɓe da farin mayafi mai tsada, ƙawayenta kewaye da ita. Da ta hango Rafi'atu, sai ta ɗauko wani ƙunshi daga jaka ta shiga kwancewa a hankali, kamar mai kwance kayan lefe.

Mari ne. Zobba biyu na baƙin ƙarfe da aka zura wa sanda, da wata ƙusa a bakin sandar mai hana ta zarewa. An goge shi da mai, har ƙyalli yake.

Rafi'atu ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san shi. Mahaifiyarta ta sha ba ta labarin idon sawun tsohuwa Alheri, yadda fatar wurin ta yi fari ta tattare, yadda har ta mutu ba ta yarda a ga ƙafarta a waje ba.

"Hajiya, ina kwana," ta ce, don tarbiyya ba ta barin mutum ko yana cikin wuta. "Wannan ba zai hau ƙafar 'yata ba."

Hajiya ba ta amsa gaisuwar ba. Ta dubi ƙawayenta ta ce ikon Allah, makaranta ta nemi kayan tarihi, ta kawo, to mene ne laifinta? Ita ta zaɓi yarinyar? Ita dai ta san gidansu gidan asali ne, duk abin da aka nema na da za a samu. Wasu kuwa ko cokalin kaka babu. Wata daga cikin ƙawayen ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Matan girki sun bar tukwane sun matso. Kowa ya san abin da ake faɗa, ba wanda ya ambata. Munafuncin unguwar nan kenan, a yanka ka da wuƙar da ba a fitar daga kube ba.

Rafi'atu ta juya ta kamo wuyan hannun Anisatu, ta ce ta cire buhun nan su tafi gida. Yarinyar ta turje. Ta ce me ta yi? Ta sha wahalar hadda, ƙawayenta na jiranta, baba ma ya ce zai yi ƙoƙari ya dawo daga Yendi da mota kafin a fara. Uwar ta fizge ta, yarinyar ta fizge hannunta ita ma, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce wallahi ba inda za ta sai an gaya mata dalili. Hawaye ya fara yin layi a cikin tokar fuskarta.

Nan Hajiya ta ga wuri ya yi. Ta ɗaga murya, da cikakkiyar Hausarta da take taƙama da ita.

"Ke Rafi'atu, ƙyale yarinya ta yi wasanta. Ba zai matse ta ba. Ai a ƙafar gidanku aka auna shi."

Lasifika na ta ƙara can a fili. Madam Adoma ta dubi wannan ta dubi wancan, sai yanzu abin ya fara shiga kanta, ta dafe ƙirji. Wadud, da rawanin kakansa a ka, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Anisatu ba wawuya ba ce. Ta dubi marin, ta dubi matan da suka kawar da ido, sannan ta dubi uwarta. Abin da Rafi'atu ta shekara goma sha wani abu tana tarewa ya riga ya shigo, kuma ta bakin da ta fi tsana ya shigo. Ta ji kunya, ta ji kamar ta shaƙe tsohuwar nan. Sai ta gaya wa 'yarta, a tsaye, a gaban kowa, a taƙaice. Ta ce wadda aka sa wa marin nan sunanta Alheri, kakar kakarki ce, ba ta kai ki shekaru ba aka kawo ta. Ta ce gaskiya Hajiya ta faɗa.

Ta miƙa hannu ta ɗauke marin daga tebur. Ya fi yadda ta zata nauyi. Hajiya ta yunƙura, gwiwa ta hana ta tashi da sauri, ta ce a ajiye mata kayan gidansu, ko sata za a koma yi da rana tsaka?

"Ƙarfen naku ne, Hajiya. Ƙafar tamu ce."

Hedimasta ya iso yana share gumi, yana ba kowa haƙuri da Hausa da Gwanjanci da Turanci, duk a haɗe. Ya ce a soke wasan kawai, yara su yi rawar gargajiya a madadinsa. Madam Adoma ta ce eh, a soke, laifinta ne, ba ta sani ba. Wasu iyaye suka fara gunaguni, su 'ya'yansu fa da suka yi gwaji? Wani ya ce dama wasu ba sa zuwa taro sai sun ɓata shi. Rafi'atu ta ji, ta san da ita ake. Ko a jikinta. An soke, abin da ta zo nema kenan, ta samu. Ta ce wa Anisatu su tafi.

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta goge hanci da bayan hannu, toka ta ƙara damewa.

"Madam, kar a soke. Zan yi." Ta juyo wajen uwarta. "Amma ba Wadud zai sa min ba. Ke za ki sa min, Mma."

Rafi'atu ta ce ta haukace ne? Gari guda za su kalle ta, gobe a kasuwa da ita za a karya kumallo. Anisatu ta ce ai sun riga sun sani, ita ce kaɗai ba ta sani ba. Idan ta gudu yanzu, gudun za su riƙa tunawa. Ta ce jawabin ƙarshe nata ne, kuma sai ta faɗe shi Hajiya na zaune a layin gaba.

Uwar ta daɗe tana kallonta. Taurin kan nan ba daga waje yarinyar ta samo shi ba, ta sani. A fili an fara kiran 'yan wasa da lasifika.

Sai ta durƙusa a cikin ƙasa, a gaban matan da suka saba ganin mahaifiyarta a durƙushe bakin tukwane. Ta cire ɗankwalinta, sabo fil da ta ɗinka don ranar, ta sa haƙori ta yaga shi biyu. Ta naɗe idon sawun dama, ta naɗe na hagu, da kauri, yadda ƙarfe ba zai taɓa fata ba. Ta sa zobban, ta zura sandar. Ƙafafun yarinyar sirara ne, da sanyi kamar an tsamo su daga randa.

Ta ɗago kai ta yi magana ƙasa-ƙasa, yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ban sa ƙusar ba. Duk lokacin da kika ga dama, ki ja sandar ki fita."

Anisatu ta gyaɗa kai. Ta juya ta nufi fili da gajerun taku, ƙarfen na kaɗawa, mutane na darewa suna ba ta hanya. Ba wanda ya yi dariya. Wadud ya bi ta a baya nesa-nesa, kamar shi ake ja.

Hajiya Asana ta miƙo tafin hannu daga kujerarta, ba tare da ta kalli Rafi'atu ba. Ta ce a ba ta ƙusar kar ta ɓace, don idan babu ita marin ba shi da amfani.

Rafi'atu ta dubi ƙusar da ke hannunta. Ta ƙulle ta a bakin zaninta, ƙulli biyu, ta tafi kai ba ɗankwali ta nemi wurin tsayawa a inda 'yarta za ta gan ta.