Randar Wankan Baba Khamphan

"Kada ki kwara mata a ka! So kike ki ƙarasa min ita?"

Lamduan ta tsaya cak da moɗa a hannu. Muryar maƙwabcinta Baba Khamphan ce ta sauko daga saman gida, ta tsakanin katakan daɓe. Kai jama'a! Tsohon da asibiti suka ce a mayar da shi gida ya cika a ɗakinsa, wanda ko lomar shinkafa ba ya iya haɗiyewa, shi ne da ƙarfin faɗa.

Maraƙar ɓaunarsa ta noma na kwance tsakanin turakun da suka ɗauke gidan, harshe a waje, sai haki take yi. Ita kaɗai ta rage masa, zafin wannan Afrilun ya riga ya kashe uwar. Tafkin ƙauyen ya bushe ƙayau, ga shi ɓauna ba ta iya gumin kirki, idan babu taɓo ta shiga uku.

"Baba, moɗar ƙarshe ce. Rijiyarmu ta ƙafe."

"Buɗe babbar randa."

Lamduan ta juya ta dube ta. Duk unguwa an san randar nan. Ruwan saman daminar bara ne ya tara, ya ɗaure bakinta da leda, ya ce da shi za a wanke gawarsa, shi ne kuma jama'a za su zuba masa a hannu ranar sallama, bisa al'ada.

'Yarsa Nuanchan, wadda ta zo jinya daga Bangkok, ta leƙo daga kan tsani. "Haba Baba! Ruwan wankanka za ka ba dabba? Me mutane za su ce?"

"Su ce gawa ba ta jin zafi. Lamduan, ke kurma ce? Ƙafafu tukuna, sannan ciki, a hankali."

Lamduan ta yage ledar. Ta jiƙa ƙafafu, ta jiƙa ciki. Ta tona rami a inuwa, ta kwaɓa taɓo ta yaɓa wa maraƙar har wuya, ta rufa mata jiƙaƙƙen buhun algarara. Nuanchan ta gama ƙunƙuninta, ta sauko da fankar da ke kan uban, bisa umarninsa, ta saita ta ga buhun. Shi kuwa yana sama yana zuba musu tsiya, wai hannunsu kamar na masu shafa hoda.

Da la'asar hakin ya lafa. Maraƙar ta yunƙura, ta faɗi, ta sake yunƙurawa, ta miƙe tangal-tangal, ta cusa baki cikin bokiti.

"Ta tashi! Baba, ta tashi, tana sha!" Lamduan na ihu tana tsalle, hawaye na zuba, jikinta duk taɓo.

Suka ji dariyarsa ta cikin katako, siririya. "Ai na faɗa muku."

Da asubar washegari ya cika.

Abin da ya rage a gindin randar bai fi kwano guda ba. Mutanen ƙauye suka yi layi, kowa ya tsoma yatsu ya ɗiga masa a tafin hannu, babu wanda ya yi tsegumi, har ya ishi na ƙarshe. Lamduan ta ji alfahari da tsohon nan har ƙirjinta ya cika.

Da ta sauko, ta tarar da maraƙar a tsaye, busasshen taɓo na zubowa daga bayanta, tana lasar gefen randar inda yake da sauran sanyi.